Ranar Da Majema Suka Ƙi Taɓa Kube

A zamanin Sarki Mazadu, wanda ya riƙe Birnin Ƙirare shekara goma sha tara, aka yi wata ta'asa da har yau in tsofaffi suka tuna ta sai sun tofar da yawu.

Wata biyu ke nan rundunar Bardogo ta kewaye birnin, ba shiga ba fita, ƙofofi duk a garƙame. To, ran wata Laraba da hantsi, Yarima Badaru, ɗan sarki tilo, ya duba ya ga dokinsa ya gaji da tsayuwa a barga, ƙafafunsa sun soma kumbura. Doki fa, jama'a. Sai ya hau, ya nufi ƙaramar ƙofar da ke bayan unguwar majema, ya ce wa mai gadinta, Nomau, ya buɗe zai kai dokin rafi. Nomau ya faɗi yana roƙonsa, ya ce abokan gaba na kwance cikin dawar da ke bayan ganuwa. Yarima ya zuba masa bulala uku a fuska. Nomau ya zare sakata.

Ko rabin hanya Yarima bai kai ba mayaƙan Bardogo suka taso daga cikin dawar. Ya juyo da doki a guje, ya shige birni, suka biyo bayansa ta ƙofar da ke wangale. Majema suna bakin aiki, hannuwa cikin ruwan bagaruwa, ba su da makami sai wuƙar karce fata. Kafin Kaura, shugaban yaƙi, ya iso da 'yan baka a kore su a rufe ƙofa, mutum talatin da ɗaya sun kwanta dama, har da matan da suka kawo wa mazansu abinci. Ba wanda bai san wannan labari ba a Ƙirare, daga mai sayar da daddawa har limamin gari. Amma ba wanda ya isa ya faɗe shi da ƙarfi.

Ran Asabar aka kira majalisa. Da aka buga tambari don taron, bugu na biyu fatar ta tsage, fadawa suka dubi juna.

A bakin zauren fada Hauni Tunau yake tsaye, rungume da takobin hukunci a cikin kubensa. Shi ne mai sare kan wanda aka yanke wa kisa, aikin da ya gada daga ubansa, kuma ba shi da bakin magana a majalisa. Amma a Ƙirare akwai wata al'ada tun kaka da kakanni: sarki na iya yanke hukunci, amma ba a zare takobin sai Hauni ya zaga da shi unguwanni goma sha biyu na birnin, shugaban kowace unguwa ya ɗora hannu a kan kuben, sannan sarki ya ɗora nasa a ƙarshe. Hannu ɗaya in ya rage, takobi ya kwana a kube. Ta haka gari ke cewa, mu duka muka kashe. Tunau ya riƙe wannan al'ada fiye da ransa, don ita ce ke barinsa ya ci tuwo bayan ya dawo daga aiki. Yau kuwa aikin ya zo masa har gida, domin Nomau abokinsa ne tun ranar da aka yi musu kaciya a rumfa ɗaya.

Galadima, ƙanen sarki, shi ya fara magana, a hankali kamar yadda ya saba.

"Allah ya ba ka nasara, gari yana tafasa. Jiya an jefi dogarai biyu a kasuwa. Mutanen da suka binne talatin da ɗaya ba za su hau ganuwa su kare mu ba sai sun ga jini. Ni a sanina, Zaki, ba don mai laifi ake hukunci ba, shi tasa ta ƙare. Don masu kallo ake yi. A taru wuri ɗaya, a yi fushi tare, a ga an rama, kowa ya koma gida yana jin shi da maƙwabcinsa abu ɗaya ne. Sannan gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, gobe ba mai gadin da zai sake taɓa sakata. Hannun wa ya buɗe ƙofar? Na Nomau."

Alƙali, Malam Zangina, ya gyara zama. "Hannun Nomau ne, Galadima, amma bakin wa? Shari'a ta san bambancin wanda ya tilasta da wanda aka tilasta. In aka kashe mutum don ya bi umarnin ɗan sarki, an koya wa talaka cewa in ya bi ya mutu, in ya ƙi ya mutu. Wanda aka toshe wa kowace hanya kuwa ba tsoron doka yake ji ba, ƙinta yake yi. Allah ya ja zamanin sarki, wannan ba hukunci ba ne, ɗora laifi ne."

"Ni ban iya doguwar magana ba," in ji Kaura, ransa a ɓace. "Garkuwar da ke hannun mayaƙana, majema suka jeme fatarta. Sun san wanda ya jawo musu. In aka bar jaki aka daki taiki, su ma suna da ido. Ban ce a kashe Yarima ba, ranka ya daɗe. A tuɓe masa sarauta, a sa shi a sahun gaba ranar karo, Allah ya yi nasa hukuncin."

Sarki Mazadu ya juyo ya dubi Kaura.

"Ɗana ne, kuma ba ni da wani. Jinin gidan nan ba a zubar da shi a dandali kamar na rago. Ran da talaka ya ga an ƙasƙanta ɗan sarki, ran nan zai fara auna wuyan sarkin kansa. Nomau aka ba ƙofa, ba Yarima ba. Hauni."

Tunau ya durƙusa. "Zaki."

"Ɗauki kube ka zaga. Ina son a gama kafin rana ta faɗi."

Tunau ya fito yana huci. A dandalin ƙofar fada aka ɗaure Nomau jikin turke, cikin rana, shatin bulalar nan uku sun kumbura sun rufe masa ido ɗaya. Wato shaidar gaskiya tana rubuce a fuskar mutumin, amma manya goma sun zauna a inuwa sun ce ba su gani ba. Tir da wannan zama.

"Tunau," in ji Nomau, muryarsa a dushe, "in ya zama dole, ka wasa shi sosai, don Allah. Kuma in ka je unguwar majema ka ce wa Baba Arzika ni na buɗe. Tsoro na ji. Ya yafe mini."

Tunau ya gyara riƙon kuben, ya wuce.

Unguwar maƙera ya fara zuwa. Sarkin Maƙera ya miƙo hannu ya taɓa kuben, fuskarsa na kallon zuga-zugi, ko ɗago kai bai yi ba. Sarkin Fawa ya taɓa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Gara shi da mu, Hauni, ina da iyali." Shugaban marina ya ɗora shuɗin yatsunsa ya janye da sauri kamar ya taɓa garwashi. Masaƙa, fatake, magina, duk haka. Kowane hannu da ya sauka, Tunau sai ya ji kamar ya kwaɗa wa mai shi mari. Waɗannan su ne suka kwana uku suna zagin Yarima a bayan ɗaki, ga shi an kawo musu damar faɗin gaskiya har ƙofar gida, ko baki ba sai sun buɗe ba, naɗe hannu kawai za su yi, amma sun kasa. Kafin azahar ta wuce hannu goma sha ɗaya sun hau kuben.

Unguwar majema ce ta rage, can bakin ganuwa. Ramukan jima duk a bushe, ba wanda ya koma aiki. Sarkin Majema, tsoho Arzika, yana zaune a tabarmar makoki. Shi kaɗai ya binne 'ya'ya biyu maza da surukarsa. Tunau ya yi masa gaisuwa, ya isar da saƙon Nomau, sannan ya durƙusa ya miƙa kuben. A ransa ya riga ya fid da rai, don in akwai wanda ke da haƙƙin neman jini, to wannan tsohon ne.

Arzika ya dubi kuben, ya tura hannuwansa biyu cikin hammata.

"Kan wa aka kawo mini?"

"Na Nomau, Baba."

"Nomau ne ya ɗauko mini gawar autana a kafaɗarsa, jinin fuskarsa na ɗiga a kan na yaron. Na san ya buɗe ƙofa, kuma na san wanda ya sa shi. Ka ga, Hauni, mu ne ake toshe hanci in mun wuce. An ajiye mu bakin ganuwa saboda warin sana'armu, mun yarda. Shi ya sa da mutuwa ta shigo, mu ta fara tararwa, wannan ma mun bar wa Allah. Yanzu kuma an ce mu sa hannu a wanke ɗan sarki da jinin talaka ɗan'uwanmu. In na taɓa kuben nan, an sallame ni ke nan, gobe ba ni da bakin cewa an zalunce ni. Ka koma ka ce wa sarki majema ba su karɓa ba."

Wani dattijo daga gefe ya ce, "Sarki zai ƙone unguwar nan, Arzika."

"Ya ƙone. Me ya rage a cikinta?"

Tunau ya miƙe da kuben. Arzika ya ɗauki sandarsa, majema suka bi shi a baya, maza da mata, har dandalin fada.

La'asar ta yi, dandali ya cika maƙil. Sarki ya fito ya zauna, Galadima a damansa, Yarima Badaru a tsaye bayansu cikin farar riga, sai ka ce ba shi ne ya jawo ba. Tunau bai gama durƙusawa ba wani manzo ya iso daga ganuwa, numfashi na sarƙe shi. Ya faɗi ya ce Bardogo sun taso gaba ɗaya daga gabas, da tsani da ganguna, nan da ɗan lokaci za su iso gindin ganuwa.

"Hannu nawa, Hauni?" in ji sarki.

"Goma sha ɗaya, Zaki. Majema sun ƙi."

Fuskar sarki ta murtuke. "Saboda masu wanke fata goma zan bar birnina ya faɗi? Ga nawa hannun, ya tsaya a madadin nasu. Zare."

Tunau bai taɓa magana a gaban sarki ba ban da amsa kira, amma yau ya ɗaga murya har na bayan dandali suka ji.

"Allah ya ba ka nasara, shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Ina komawa gida in wanke hannu in ci abinci da 'ya'yana, saboda ba ni nake kashewa ba, Ƙirare ce ke kashewa, ni hannunta ne kawai. In na zare shi yau bai cika ba, ni mai kisan kai ne, kamar kowane ɗan fashi da na taɓa sarewa. Ba zan yi ba. Ga takobinka."

Ya ajiye takobin a ƙasa gaban sarki, ya ja da baya. Ya ɗauka ya ceci abokinsa ke nan, don ba dogarin da zai yarda ya taɓa takobin da bai cika hannu ba, kowa ya san jinin a wuyansa zai rataya. Wayyo Tunau. Da ya san abin da zai biyo baya, da ya rungume takobin nan ko da za a yanke masa hannu.

Galadima ya karkata wajen Yarima. Bai ɗaga murya ba, amma Tunau na kusa, ya ji kowace kalma.

"Ɗana, baran gidanku ya ƙi ubanka a gaban duk gari saboda kai, kana tsaye kana kallo? Gobe da wane ido za ka mulke su?"

Badaru dama ba ya jin magana sau biyu. Ya daka tsalle ya fizgi takobin, ya zare, ya yi kan turke. Sarki ya miƙe yana kiran sunansa, ina, ya riga ya isa. Ko saran ma bai iya ba. Na farko ya sauka a kafaɗa, na biyu a muƙamuƙi, sai a na uku Nomau ya daina motsi. Mutumin da abu ɗaya tak ya roƙa, a yi masa da sauri, shi ma bai samu ba.

Gangunan Bardogo na ta tashi daga nesa. Yarima ya tsaya yana haki, farar rigar ta rine, takobin ya suɓuce daga hannunsa. Sai a lokacin ya duba ya ga idanun da ke kansa. Abin da ya yi ran Laraba ana iya cewa kuskure ne, ana iya ɗora wa wani. Na yau kuwa da hannunsa ya yi, da rana tsaka, a gaban unguwanni goma sha biyu.

Tunau bai jira umarnin kowa ba. Ya taka ya ɗauki takobin, bai ko goge jinin ba ya mayar da shi kube, ya juya ya fuskanci jama'a ya miƙa.

"Badaru ɗan Mazadu ya kashe Nomau ba bisa hukunci ba. Wa zai taɓa?"

Arzika ne ya fara fitowa, yana dogara sanda. Ya ɗora tafinsa duka a kan kuben, ya bar shi ya daɗe. Sai Sarkin Maƙera, wannan karon idonsa a buɗe. Sai Sarkin Fawa, sai shugaban marina, sai sauran, har ana ture juna. Waɗanda da safe tsoro ya cika su, yanzu kowa ya zama namiji. Tunau ya ƙirga goma sha biyu, ya juya wajen sarki ya durƙusa.

"Kaura," in ji sarki, muryarsa ta canja, "kwashe mutanen nan ku hau ganuwa. A yi wannan magana bayan yaƙi."

Kaura bai motsa ba. "Ranka ya daɗe, ko na ce su hau ba za su hau ba, kuma ba zan ce ba. Ba wanda zai ba da ransa don birnin da ɗan sarki ke yanka mutane a dandali a ce sai bayan yaƙi."

Kibiya ta farko ta tsallako ganuwa ta faɗa kan wata rumfa a kasuwa, ta biyu ta biyo. Sarki ya dubi Alƙali, Alƙali ya sunkuyar da kai. Ya dubi ƙanensa Galadima, wanda ya saba ba shi mafita kullum.

"Al'ada ce, Zaki," in ji Galadima. "Wa ya isa ya ja da gari?"

Dogarai biyu sun riga sun riƙe Yarima. "Baba," ya ce, da irin muryar da bai yi amfani da ita ba tun yana ƙarami. Sarki Mazadu ya ja amawalin rawaninsa ya rufe fuska har ido, ya miƙa hannu yana lalube, ya taɓa kuben.

Sara ɗaya Tunau ya yi.

Dandali ya ɗauki kuwwa, jama'a suka kwarara zuwa ganuwa, majemi kafaɗa da kafaɗa da bafatake, maƙeri na miƙa wa mahauci mashi. Bardogo sun riga sun kafa tsani bakwai a gabas, wasu har sun kama bakin ganuwa. Aka ture tsanin da mutanen da ke kai, mata na miƙo tafasasshen ruwa da duwatsun murhu, 'yan baka suka yi ta ɓarin kibau har kwari ya ƙare. Kaura ya buɗe babbar ƙofa ya fita da mayaƙansa ya auka musu ta gefe. Kafin magariba rundunar da ta yi wata biyu a zaune ta watse, ta bar tantuna da tukwane a kan wuta.

Tunau bai je ko'ina ba. Ya kwance Nomau daga turke, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi, ya zauna a ƙasa kusa da shi, takobin a kan cinyarsa. Yana jin guɗar nasara daga gabas, kowace guɗa na ƙara masa baƙin ciki. An ci yaƙi, an yi adalci, in ji mutane, amma abokinsa na nan kwance, kuma shi ne ya ajiye takobin inda hannun banza zai kai.

Yana nan zaune Galadima ya fito daga fada, fadawan da da safe ke bin sarki yanzu suna bayansa, maroƙa sun riga sun sauya kirari. Ya tsaya a kan Tunau.

"Sarki ya shiga gida, ya ce ba zai ƙara fitowa ba, ya miƙa mini riƙon gari. Ka yi aiki mai kyau yau, Hauni. Gobe da hantsi ka zo fada. Kaura ya ƙi umarnin sarki alhali abokan gaba na gindin ganuwa, kowa ya ji da kunnensa, wannan kuwa tawaye ne. Za ka zaga da kube. Ba na jin za ka sha wahala, hannun mutane ya saba yanzu."

Ya wuce, maroƙa na biye da shi.

Tunau ya bi shi da ido har ya ɓace. Ya dubi takobin, ya yi kamar zai jefar da shi, sai ya fasa, don ya riga ya ga abin da ajiye shi a ƙasa ke haifarwa. Ya rataya shi a kafaɗa ɗaya, ya sunkuya ya ɗora abokinsa a ɗayar, ya nufi maƙabarta.